Eriyar da Ke Kallon Teku

Har gobe ban manta da Larabar da na sauke eriyar da ke kallon teku ba. Shekarata goma sha ɗaya ina hawa ƙarfen sabis a ƙasar nan. Na hau na tsakiyar Riyadh, na hau na cikin sahara inda ko tsuntsu ba ya giftawa, amma in aka ce in zaɓi rana ɗaya da ta koya mini aikin, ita zan ɗauka. Ku da kuka shigo kwanan nan kuna gunaguni wai Lawal yana ɓata muku lokaci da shan shayi da mutanen gari kafin a taɓa ko noti ɗaya. Ina jin ku, ba kurma ba ne ni. To ga dalilin.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙarfen sabis yakan ɗauki eriya uku a samansa, kowace tana kallon nata ɓangaren, kamar mutum uku da suka jingina baya da baya. Inda eriya ta kalla, nan sabis yake zuwa. Bayanta kuwa babu abin kirki. A ƙasa akwai akwatunan na'ura, manyan wayoyi suna haɗa su da sama. Kamfaninmu ba shi ne mai layin ba, 'yan kwangila ne mu. Ofis a Riyadh ke tsara abin da za a yi, ya turo takardar aiki, mu kuma mu hau mu aiwatar. A lokacin ni ne shugaban masu hawa na ƙungiyarmu. A samana akwai Muhandis Adil, wato injiniyan da ke riƙe da aikin, mutum mai tsare doka, wanda bai taɓa ganin wurin da zan ba ku labarinsa ba sai a fuskar kwamfuta.

Wurin wani ƙaramin tsibiri ne a Bahar Maliya, can kudu. Daga Riyadh sai ka hau jirgin sama, ka hau mota, sannan ka jira jirgin ruwan da ke zuwa sau ɗaya a rana. Gari ɗaya ne a kansa, na masunta, da ƙarfen sabis ɗaya mai tsawon mita sittin. An fara gina masaukin baƙi a arewacin tsibirin, shi ya sa aka tuna da su. Aikinmu shi ne mu sauke tsofaffin eriyoyi mu ɗora sababbi masu 5G. Bambancinsu shi ne, tsohon sabis rago ne wajen ɗaukar data, amma yana da doguwar ƙafa, balle a kan ruwa inda babu dutse babu gini. Sabon kuwa gudu gare shi, sai dai ba ya nisa, kuma akan sunkuyar da kansa ne ya kalli gidaje.

Mako uku kafin ranar aiki aka tura ni duba wurin, ni da Isiyaku, mutumin Tasawa, abokin hawana kuma abokin ɗakina a unguwar Manfuha da ke Riyadh. Akwai fom da ake cikewa, a ciki akwai layin da ke tambayar abin da ke gaban kowace eriya. Na hau na duba. Ta farko na rubuta gari. Ta biyu na rubuta gari da fili. Ta uku tana kallon yamma, na tsaya na kalli ruwa iya ganina, na rubuta: teku, babu gidaje. Ni ɗan Funtuwa ne, ruwan da na sani shi ne dam ɗin Mairuwa, wanda in ka tsaya a wannan gaɓa kana hango waccan. A kaina, inda babu rufin gida babu mutum. Mutanen ofis su ma 'yan tudu ne irina. Suka buɗe na'urarsu suka ga eriyar yamma kusan ba a magana ta kanta, data kuwa babu ko kaɗan. Suka haɗa da abin da na rubuta, suka yanke cewa asara ce, a sauke ta, sabuwar da za ta maye gurbinta a juya ta arewa ta kalli masaukin baƙi.

A ranar duba wurin nan, da muka sauko, wani dattijo ya kira mu shan shayi a rumfarsa da ke bakin matsayar jirage. Sunansa Salim, kowa na ce masa Ammu Salim, wato Baffa Salim. Gwiwa ta hana shi fita kamun kifi. Muna zaune, daidai lokacin da rana ta take tsaka, sai wata ƙaramar waya mai madannai da ke kan tabarmarsa, irin wadda a gida muke ce wa raka-ni-kashi, ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Ya leƙa, ya ɗauki wani ɗan ƙwanson dodon koɗi daga hagunsa ya mayar dama. Can kuma ta sake, ya sake mayar da wani. Har sau bakwai. Na zunguri Isiyaku na ce masa da Hausa, "Ashe filashin har nan ya iso. Ni na ɗauka mu kaɗai aka yi wa wannan baiwar." Muka yi dariya, muka shanye shayi, muka tafi. Ban tambayi dattijon komai ba.

Ranar Laraba muka fara da sassafe, bayan sallar asuba. Kwale-kwalen masunta sun riga sun fita. Mu uku ne: ni da Isiyaku a sama, sai Rafiƙ, ɗan Bangladesh, mai kula da akwatunan ƙasa. Kafin ƙarfe tara eriyar yamma ta sauka, mun kwantar da ita a gindin ƙarfe. Wajen sha ɗaya da rabi sababbin ukun sun hau, Rafiƙ ya kunna. Ƙa'idar aiki ita ce a bar tsohon akwati da wayoyinsa a wurinsu har kwana biyu, ko da sabon zai ba da matsala, amma ba a komawa kansa sai da izinin Riyadh. Muka gwada sabis a cikin gari, bidiyo na buɗewa kafin ka ɗage yatsa. Na tura wa Muhandis Adil hotuna, ya amsa da cewa aiki ya yi kyau. Na ji daɗi ƙwarai, har na ce wa Isiyaku yau da wuri za mu huta.

Bayan azahar sai ga Ammu Salim yana tafe da sanda, wayarsa a tafin hannu. Daga matsayar jirage zuwa gindin ƙarfe akwai 'yar tafiya ga mai ciwon gwiwa. Larabcina na kasuwa ne, amma na fahimce shi sarai.

Ya ce, "Ɗana, me kuka yi wa ƙarfen nan? Yau ko ɗaya bai buga ba."

Na ce, "Wa ke nan, Ammu?"

Ya ce, "Jirage. Bakwai suka fita."

A nan ya bayyana mini abin da ya kamata in tambaya mako uku da suka wuce. Masuntan tsibirin suna nisa sosai cikin teku, yamma da gari. A cikin kwale-kwale ga ƙarar inji, ga hannu a jiƙe, ga batir da ake tattali, ba wanda ke zaman hira a waya. Sai suka yi wa kansu tsari tun zuwan sabis. In rana ta take tsaka kowane jirgi zai buga wa Ammu Salim sau ɗaya ya katse, ma'ana muna lafiya. In aka buga sau biyu, ma'ana akwai matsala, kira mu. Shi kuma in ya ga sararin sama ya canza, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce su juyo. Kiran da ba a ɗaga ba kuwa ba ya shiga lissafin mintunan da mutanen ofis suka duba. Eriyar da muka ce ba ta da aiki, ita ce ke riƙe da ran mutum ashirin da wani abu kullum.

Bari in gaya muku gaskiya, ban yi abin da ya dace ba. A lokacin iska ba ta taso ba. Da na kira Riyadh nan take, da akwai lokacin jayayya, akwai lokacin hawa cikin natsuwa. Sai na ji nauyin in kira Muhandis in ce masa fom ɗin da na sa wa hannu ƙarya ne. Na ce wa dattijon, "Mafi mushkila, Ammu, babu damuwa. Za su dawo da yamma kamar kullum, gobe sai in kai maganar ofis." Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kudu. Ya ce, "Yau nake son in ce su juyo." Ya juya ya tafi da sandarsa.

Wajen ƙarfe biyu iska ta fara. Kafin uku ruwan da na gani shuɗi da safe ya koma ruwan toka, yana tashi da farin kumfa. Jirgin da ke zuwa daga tudu ya fasa zuwa, wanda shi ne zai kwashe tsofaffin eriyoyin. Na kasa zama, na gangara matsayar jirage. Mutanen gari sun taru. Kwale-kwale suka dinga shigowa ɗaya bayan ɗaya, mutanen ciki sharkaf. Duk wanda ya shigo, Ammu Salim ya mayar da ƙwanso ɗaya dama. Da aka yi la'asar shida suna dama, ɗaya na hagu. Na Yahaya ne, ɗansa, shi da mutum biyu da ke masa aiki.

An riga an sanar da jami'an tsaron gaɓar teku, sun fita da jirginsu. Amma wanda ya ga Yahaya da safe ya ce yamma ya yi, wani ya ce ya ji yana zancen gwada wani wuri. Teku ba gona ba ce da za ka bi kunya-kunya. Wani daga cikin masuntan da suka dawo ya ce in rana ta faɗi ba a gan su ba, da wannan iskar, sai dai addu'a. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya nuna ni da yatsa. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ammu Salim dai ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Yahaya yana da waya, ɗana."

Na koma gefe na kira Riyadh. Ƙarfe uku da rabi ta wuce. Na zayyana wa Muhandis Adil komai, har da laifina. Ya saurare ni bai katse ni ba.

Ya ce, "Lawal, komawa tsohon akwati sai masu layi sun amince. Zan buɗe takarda yanzu, amma ka san kafin ta zagaya sai gobe."

Na ce, "Muhandis, gobe gawa za a nema."

Sannan ya ce, "Me ma'aunin iska ya nuna?"

Kowace ƙungiya tana da ɗan ma'aunin iska, mai jan layi. In allura ta taɓa jan layin, ba a hawa, ko waye ya ce. Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce ta taɓa, wani lokaci tana wucewa.

Ya ce, "To ka amsa wa kanka. Babu hawa. In na ce ka hau ka faɗo, mutum uku sun zama biyar. Kuma kafin ka tsaya gaban sababbin eriyoyin nan dole a kashe su, in ka kashe kuwa nan take zai nuna a ɗakin sa ido, duk tsibirin babu sabis. Ba zan iya rufa maka asiri ba. Iƙamarka a hannun kamfani take, ka sani."

Na sani mana. Iƙama ita ce takardar zamanka, kuma tawa saura wata biyu ta ƙare. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a Funtuwa. Kuma maganarsa gaskiya ce daga farko har ƙarshe, shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Na ce masa na ji, na kashe waya.

Da na isa gindin ƙarfe na tarar Isiyaku ya riga ya ɗaura bel ɗinsa, yana duba ƙugiyoyi. Na ce masa ya cire, ni kaɗai zan hau, ni na rubuta fom.

Ya ce, "Oga Lawal, eriyar nan ta fi ka tsawo. Da wane hannu za ka riƙe ta, da wane za ka ɗaure? Ai tare muka yi dariyar filashin ɗin."

Na ce wa Rafiƙ ya kashe komai. Ya dube ni, ya dubi ma'aunin iska, ya ce in faɗa a oba-oba, wato rediyon hannu da muke magana da juna, don ya zama da bakina aka ji. Na danna na faɗa, da sunana. Ya sauke makunni. Daga wannan lokacin babu waya ɗaya da ke aiki a tsibirin, har da waɗanda ake kiran masu ceto da su. In abin bai yi ba, na ƙara wa mutanen nan wata masifar a kan ta farko.

Saura masu jan igiya. Eriya ba a goye ake hawa da ita ba, igiya ake zargawa a wata 'yar taya can sama, mutane a ƙasa su ja, wasu su riƙe igiya ta biyu don kada ta bugi ƙarfe. Mutum shida daga cikin masuntan da suka dawo suka zo, kayansu ko bushewa ba su yi ba. Na fara nuna musu yadda ake ɗaurin igiya, wani mai furfura a gemu ya karɓe ta daga hannuna a hankali, ya yi wani ƙulli da ban taɓa gani ba, ya ja ya nuna mini. Na bar masa igiyar. Mutanen da suka tashi da igiya a hannu nake shirin koya wa ɗauri.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro a hawan nan irin wanda ban taɓa ji ba. Daga mita talatin ƙarfen ya fara rawa. Iska tana cika riga tana neman ɓamɓare ka daga tsani, gishiri na shiga ido. Kowane taki sai ka cire ƙugiya ɗaya ka maƙala sama, sannan ka cire ta biyu. Ban kalli ƙasa ba, ban kalli teku ba, takalmin Isiyaku kawai nake kallo a samana. Hawan da muke yi cikin minti goma sha biyar ya ci mana kusan rabin awa.

Muka kafa kanmu a sama, na ba da umarni a ja. Eriyar ta taso. Masuntan nan suna sakin igiya suna kamawa daidai da bugun iska, kamar suna jin numfashinta. Har ta iso daf da mu lafiya. Isiyaku ya miƙa hannu ya kama maɗaurinta yana jawo ta jikin ƙarfe, sai wata iska ta zo daga gefe ta maka ta. Na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, na ji ya ce, "Innalillahi." Hannunsa na hagu ne ya shiga tsakani. Safar hannun ta jiƙe da jini nan da nan.

Na ce, "Sake ta, mu sauka."

Ya ce, "In na sake ta, yatsun nawa sun tafi a banza ke nan. Ɗaura, Oga."

Ya rungume ta da damtse da ƙirji, ni kuma na shiga neman inda zan saita ta. Nan wata matsalar ta taso. Eriya in ta kauce kaɗan daga inda ya kamata ta kalla, can cikin teku ta kauce da nisa mai yawa. Kamfas kuwa ba ya faɗin gaskiya a jikin ƙarfe, na'urar saiti tana ƙasa cikin akwati. Sai na lura da jikin sandar da muka cire ta da safe. Shekara da shekaru gishiri ya cinye ko'ina ya yi duhu, ban da inda tsohon maɗaurin ya zauna. Wurin fari tas, har da shatar haƙoransa. Na mayar da maɗaurin a kan shatarsa daidai, na ɗaure notina huɗu, na haɗa wayoyi biyu na naɗe su. Sifana ta kusa kuɓuce mini sau biyu.

Ba a kunna eriya mutum na gabanta. Na ɗaure Isiyaku a jikina da gajeriyar igiya, muka sauko a hankali zuwa wani ɗan dandamali da ke tsakiyar ƙarfe. Na naɗe masa hannu da ƙyallen da nake rufe fuska. Na ce wa Rafiƙ ya kunna tsohon akwati da sababbin duka. Ƙarfe biyar da 'yan mintuna. Rana ta yi ƙasa sosai.

Tsohon akwati yakan ɗauki kamar minti biyar kafin ya farka. Daga inda nake ina hango Ammu Salim, an kawo masa kujera gindin ƙarfe, mutane sun kewaye shi. Rafiƙ ya ce fitilu sun zama kore. Dattijon ya kira lambar ɗansa. Rafiƙ ya ce mini a oba-oba, ba ta shiga. Ya sake kira, ba ta shiga. Sau uku. Na dubi Isiyaku, ya jingina kai da ƙarfe, leɓɓansa sun bushe, idonsa a rufe. Na ce a raina, shi ke nan, na nakasa yaron mutane, na kashe aikina, kuma mutanen nan ko sun nutse ko sun fi ƙarfin eriyar. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Muna nan kamar minti goma. Sai oba-oba ta yi ƙara, Rafiƙ ya danne madannin kawai ya kai ta kusa da wayar hannun dattijon. Na ji ƙaramar wayar nan tana kuka. Sau ɗaya, ta katse. Babu wanda ya yi motsi a ƙasa. Sannan ta sake.

Sau biyu. Suna da rai, kuma suna cikin matsala.

Ammu Salim ya kira, aka ɗaga. Daga baya muka ji yadda aka yi. Injinsu ya mutu tun kafin azahar, iska ta kwashe su ta yi kudu da su, nesa da inda ake nema, anga ta ƙi kamawa, ruwa na shiga suna kwalfewa. Yahaya ya kashe wayar don tattalin batir, yana kunnawa lokaci-lokaci ya duba. Da ya ga sabis ya dawo, mutum yana bakin halaka, maimakon ya kira sai hannunsa ya yi abin da ya saba, ya buga biyu ya katse. Ya faɗi sunan wasu duwatsun ƙarƙashin ruwa da suke hange, masunta suka gane wurin, aka sanar da masu ceto. Ana kiran magariba aka shigo da su, su ukun, da ƙafafunsu. Dattijon ya sa aka kawo masa ƙwanson nan na bakwai, ya mayar da shi dama da hannunsa.

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare da tafi. Likitan tsibirin ya ɗaure hannun Isiyaku, washegari aka fitar da shi, aka yi masa aiki a wani asibiti a unguwar Shumaisi da ke Riyadh. Yatsu biyu ba su dawo ba. Mai hawa kuwa da yatsunsa yake ci. Kamfani ya mayar da shi sito, ya yi shekara guda yana ba da kaya, sannan ya ce zaman ya ishe shi, ya koma Tasawa. Bai taɓa ce mini komai a kai ba. In muka yi waya sai ya yi ta tsokanata wai har yanzu ina tsoron ruwa. Ni kuwa duk ranar da na ga gadonsa a ɗakinmu na Manfuha, wanda wani ke kwana a kai yanzu, sai na tuna ni na ja masa.

Ni ma an kira ni ofis. Mutum huɗu a bayan tebur, har da Muhandis Adil. Aka karanto mini laifuffukana: hawa a kan jan layi, kashe tasha ba izini, raunata ma'aikaci. Ban musa ko ɗaya ba. Wani babba a cikinsu ya juyo mini da kwamfuta ya nuna mini zanen eriyar yamma, layi kwance a ƙasa, ya ce in nuna masa mutanen da nake cewa suna amfani da ita. Na ciro wayata na buga wa Muhandis Adil sau ɗaya na katse. Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur ta yi shiru. Na ce, "Ranka ya daɗe, a nemo wannan a cikin zanen." Muhandis ya daɗe yana kallon wayar. Shi ne ya tsaya mini har aka sabunta iƙamata, ko da yake an karɓe katin hawana wata shida, an kuma sa mini takardar gargaɗi a fayil, tana nan har yau. Eriyar yamma kuwa ba a sake sauke ta ba.

Ban ba ku labarin nan don ku hau ƙarfe a kan jan layi ba. Duk wanda na kama ya yi haka a ƙungiyata, ni zan fara kai ƙararsa. Allah ne ya tsare, da yanzu wani ke ba ku labarina. Kuskuren ba a sama aka yi shi ba. A ƙasa aka yi shi, da biro, ranar da na rubuta babu gidaje, da kuma ranar da na ga dattijo yana matsar da ƙwanso na yi dariya maimakon in ce, Baffa, mene ne wannan? Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni mita sittin na hau, ban hango abin da mai ciwon gwiwa ke gani daga kan tabarma ba. Na'urar ofis tana ƙirga abin da aka ce ta ƙirga ne kawai. Saboda haka kafin ku kwance abin da kuka tarar a ɗaure, ku sauko ku zauna, ku sha shayin, ku tambayi wa ke rataye da shi.

Ammu Salim ya karɓi lambata ranar da za mu bar tsibirin. Bai taɓa kirana mun yi magana ba, ni ma ban taɓa kiransa ba. Amma duk Juma'a, in rana ta take tsaka, ko ina kan ƙarfe ko ina hanyar masallaci, wayata takan yi ƙara sau ɗaya ta katse. Nakan tsaya in jira kaɗan, in ji ko za ta sake. In ba ta sake ba, sai in mayar da ita aljihu in ci gaba da tafiya.